'Yar Bora Ta Ƙasar Rasha

Ina tsammani kaɗan ne daga cikinmu a kwalejin nan ba su taɓa jin labarin Iliya Ɗan Maiƙarfi ba, littafin nan da Malam Ahmadu Ingawa ya rubuta tun shekarun 1950. Amma da yawa ba su san Iliya baƙo ne ba. Mutumin Rasha ne, can ana ce da shi Ilya Muromets, wanda mawaƙansu na dā suka ce ya yi shekara 33 gurgu kafin waɗansu matafiya su warkar da shi. Sarki Waldima shi ne Vladimir, birnin Kib kuwa Kiev ne. Malam Ahmadu ya sa masa riga da rawani har muka ɗauka ɗan gida ne. To, tun da jarumin Rasha ya daɗe yana cin tuwo da mu, ina so in kawo muku ƙanwarsa, don ina ganin mu masu koyon aikin malanta mun fi bukatarta.

Sunanta Vasilisa, a gida ana kiranta Vasya. Tana cikin wani littafin Turanci mai suna The Bear and the Nightingale, wanda wata Ba'amurkiya, Katherine Arden, ta fitar a 2017, bayan ta zauna a Mosko ta kuma yi karatun harshen Rasha. Sunan littafin na nufin wata ƙatuwar dabbar dajin ƙasashen sanyi da wani tsuntsu mai daɗin kuka. Labarin ya faru ne a ƙarni na 14, a wani ƙauye bakin kurmi, inda ƙanƙara kan rufe ƙasa wata da watanni, mutane su kwana bisa ƙaton murhun gida don ɗumi. Hunturunmu na Gombe wasan yara ne a wurinsu.

Littafin ya buɗe da wata tsohuwa, Dunya, tana yi wa yara tatsuniya da dare. Wata kishiyar uwa ta sa aka kai marainiya daji don sanyi ya kashe ta. Morozko, sarkin sanyi, ya zo yana tambayarta ko ta ji ɗumi, ita kuwa tana amsawa da ladabi, sai ya sallame ta da dukiya. Da matar ta ga haka ta tura tata 'yar, wannan ta yi rashin kunya, aka dawo da gawarta. Jama'a, wannan ba 'yar bora da 'yar mowa ba ne? Ai ita ce tatsuniyarmu ta Ruwan Bagaja (ta bakin kaka nake nufi, ba littafin Alhaji Abubakar Imam na 1934 ba), inda aka tura 'yar bora wanki a ruwa mai nisa ta dawo da arziki saboda haƙurinta, 'yar mowa ta bi sawu ta kwashi wahala. Sanyi ne kawai ya maye gurbin rafi.

Abin da marubuciyar ta yi da wannan tsohon zare shi ne ya kama hankalina. Vasya ma marainiya ce, uwarta ta rasu wajen haihuwarta, tana kuma da kishiyar uwa, Anna, wadda ba ta ƙaunarta. Amma ita ba mai sunkuyar da kai ba ce. Tana hawan itace, tana sukuwa ta fi samari, tana kuma ganin ƙananan iskokin da ke tsaron murhu da barga, waɗanda mutanen ƙauyen kan ajiye wa ɓawon burodi, kamar yadda tsofaffinmu kan ce kuka da tsamiya suna da masu su. Da ta isa aure aka ajiye mata hanya biyu, ko ɗakin miji ko gidan mata masu zaman ibada, inda ba fita sai mutuwa. Ta ƙi duka biyun, ta shiga kurmi cikin tsakiyar sanyi. Ƙauyen da ya kira ta mayya kuwa, a ƙarshe taurin kan nan nata ne ya tsaya tsakaninsa da halaka.

Ni da na tashi a makarantar mishan, akwai wurin da littafin ya ɗan sosa mini rai, watau inda ya nuna limamin cocin ƙauyen, Konstantin, yana mulkin mutane da tsoro. Amma yayan Vasya, Sasha, shi ma mai zaman ibada ne, mutumin kirki kuwa. Saboda haka a ganina faɗan littafin da girman kai ne da tsoratarwa, waɗanda kowane addini ya hana. Duk da haka ban ce a ba 'yan firamare shi ba, akwai matattu masu tashi da dare a ciki.

Yanzu mu dawo aji. Wace yarinya muke nuna wa 'yan matan da za mu koyar? Mai haƙuri ta sami ɗan sarki, wadda ta ce ba ta auren mai tabo kuwa ta ƙare a hannun Dodo. Ban raina haƙuri ba, Allah ya sani. Amma yarinyar da ke aji shida, wadda ake shirin cire ta a yi mata aure, in duk abin da ta ji daga bakin malaminta shi ne mai gardama Dodo ke ɗauka, da wane baki za ta roƙi babanta ya bar ta ta ƙarasa? Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta tana ƙarama, ta ba mu irin wannan yarinya a Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Sai dai nata labarin zaman duniya ne na zahiri. Wanda ya rage a yi shi ne a shigar da yarinyar cikin duniyar Gizo da Dodo, inda yara suka fi sakin jiki su saurara.

Kayan aikin kuwa muna da su. Afanasyev ya tara wa Rashawa tatsuniyoyi wajen 600 tsakanin 1855 da 1863, marubuta suna ta ɗiba har yau. Mu ma Frank Edgar ya buga namu cikin littafi uku daga 1911 zuwa 1913, daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni. Amma galibin waɗannan na ƙasar Hausa ne. Na Fulanin Gombe fa, da na Tera, da Bolewa, da Tangale, da Waja? Yawancinsu suna bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa suna tafiya.

Shawarata ita ce, kowannenmu in ya je hutu ko gwajin koyarwa, ya tafi da littafin rubutu guda, ya zauna gaban iya ko kaka ya rubuta tatsuniya biyar yadda ta faɗe su, da sunan garin da harshen. Ya kuma tambaye ta musamman ko ta san wadda yarinya ta ƙi abin da aka ce ta yi, ta kuma tsira. In mun dawo sai mu miƙa su ga editan waɗannan shafuffuka, a riƙa buga guda a kowace fitowa.