"Babu, Je Ka Sayo A Waje"

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk wanda ya taɓa kwanan jinya a asibitin gwamnati ya san wannan kalma. Likita ya rubuta magani, a je ɗakin magani a ce babu. Ruwan ƙari babu, safar hannu babu, jini sai an nemo. Sai a ga ɗan uwa cikin dare yana bi kemis-kemis da takarda a hannu, majinyaci kuwa yana can rai a hannun Allah.

'Yan uwa, wannan "babu" ba daga sama ta faɗo ba. Ana ware kuɗin magani a maƙale su, a ba ɗan kwangila aiki saboda sanayya, a bar sito ba lissafi har magani ya ƙare ko wa'adinsa ya wuce. Mafi yawan magungunanmu da sinadaran haɗa su daga waje ake shigo da su, musamman Indiya da Sin, don haka da dala ta tashi sai talaka ya ji a jikinsa. Da kamfanin GSK ya sanar a 2023 cewa zai daina sayarwa kai-tsaye a Nijeriya, masu ciwon asma sun ga yadda kuɗin maganin shaƙa ya yi tashin gwauron zabo.

In asibiti ya ce babu, ina za a nufa? Kasuwar da ba a san asalin kayanta ba. Mun manta da 1990, lokacin da maganin zazzaɓi na ruwa mai guba ya kashe yara sama da 100 a Jos da Ibadan? Mun manta da My Pikin, maganin haƙoran jarirai da ya hallaka yara 84 tsakanin 2008 da 2009? Duka biyun guba ɗaya ce, ta shigo cikin kayan haɗi da ba a gwada ba.

Sito amana ne, kuma duk mai riƙe da mabuɗinsa zai tsaya gaban Allah. Mu ma matasa da namu nauyin. Kowace unguwa ta rubuta sunayen masu ba da jini da rukunin jininsu. A kafa asusun majinyata a masallatai. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi kafin a biya. In an ce babu, a tambayi hukumar asibiti dalili a rubuce, cikin ladabi, ba tsoro.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalam.