Wane Laifi Hausa Ta Yi a Makarantunmu?

Na yi sakandare a wata makarantar gwamnati ta je-ka-ka-dawo da ke bayan garin Gombe. A ajinmu akwai Fulani da Tangale da Tera da Bolawa, amma da an tashi tara, Hausa ce ke haɗa mu a gindin darbejiya. Duk da haka, monita na ji ka yi Hausa a aji sai ya rubuta sunanka, ka sha sharar fili.

Muna da ƙungiyar muhawara ta Turanci da ta kimiyya, amma babu ta Hausa, alhali WAEC da NECO duk suna jarrabawarta. Sakamakon haka, na shigo jami'a ban iya bambance "kafa" da "ƙafa" a rubuce ba.

Ban ce a yar da Turanci ba, domin da shi ake samun gurbin karatu. Amma 'yan'uwana ɗalibai, kafa ƙungiyar Hausa ba ya cin kuɗi. Mu koma makarantunmu, mu nemi izinin shugabanni, mu riƙa karanta Magana Jari Ce tare da ƙannenmu sau ɗaya a mako. In ba mu yi ba, wa zai yi?