Wa Ke Riƙe da Bakin Aljihun Gwamnati?

Duk lokacin da aka gabatar da kasafin kuɗi, mahukunta sukan yi alkawarin tsuke bakin aljihu. Amma tarihin Nijeriya ya nuna cewa ba a cika tsukewa ba sai farashin man fetur ya faɗi, ko masu bin bashi sun matsa lamba. Da zarar an sami sarari, ko zaɓe ya ƙarato, sai a saki.

Gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, amma da jama'a suka fara kokawa, kasafin 1988 ya koma kashe kuɗi gadan-gadan. Soja ke nan, wanda ba ya neman ƙuri'ar kowa.

Babban darasi yana cikin asusun rarar kuɗin mai da gwamnatin Obasanjo ta buɗe a 2004. Dabarar mai kyau ce: a gina kasafi kan farashin gangar mai da bai kai na kasuwa ba, a adana abin da ya haura. Da taimakon wannan ajiya aka biya ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris, bayan ta yafe dala miliyan dubu 18 a yarjejeniyar 2005. A 2008 asusun ya kai kimanin dala miliyan dubu 20. Sai dai ba shi da gindin zama a tsarin mulki. Gwamnoni suka kafa hujja da sashe na 162, wanda ya ce a raba kuɗin tarayya tsakanin matakan gwamnati uku, har suka kai ƙara Kotun Ƙoli. Faɗuwar farashin mai ta ci wani kaso, rabo ya ci saura, kafin zaɓen 2011 akasarin kuɗin ya tafi.

Ba rashin doka ba ne. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ƙayyade giɓin kasafi a kashi 3 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa. Dokar Babban Banki ta wannan shekarar ta hana bai wa gwamnati rancen wucin gadi da ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata. Duk da haka rancen ya taru har naira tiriliyan 22.7, kuma a watan Mayun 2023 Majalisar Dattawa, wadda aikinta ne ta tsawata, ta amince a mayar da shi bashin shekara 40. Ɗan kasuwa ya biya nasa kason ta hanyar hauhawar farashi, wadda ta zarce kashi 30 cikin ɗari a 2024.

A ganinmu, ajiyar rarar mai ba za ta tsira ba sai an shigar da ita cikin tsarin mulki. Wannan gyara kuwa yana buƙatar amincewar majalisun jihohi 24, waɗanda galibinsu ba sa ƙetare maganar gwamnoninsu.