Tsohon Masunci Bai Gaji Da Ruwa Ba

'Yan'uwa manoma, yawancin ƙungiyoyinmu da ke bakin kogi ko kusa da dam ba a rasa masunta a cikinsu. Da damina suna riƙe da fartanya kamar kowa, da rani kuwa su ɗauki koma da fatsa. To, akwai wata magana da muke yawan ji a wurin taro, musamman daga bakin samari. Sukan ce kamun kifi aikin mai jini a jika ne, in mutum ya tsufa sha'awar ta fita daga ransa ke nan, sai a bar shi ya huta a gindin itace. Mu kam ba mu yarda da wannan magana ba, za mu kuwa faɗi dalilinmu.

Bari mu fara da abin da kowa ya gani da idonsa. Yaro da fatsa yake farawa. Ya sami sanda, ya ɗaura mata zare da ƙugiya, ya tono tana a bayan gida, ya wuni bakin rafi saboda 'yan karfasa uku ko huɗu. In ya zama saurayi sai ya raina fatsa. Birgi yake so, da kalli, da shiga jan taru, gama a lokacin nan yawa yake nema, da kuɗin aure, da suna. Shekaru su yi ta tafiya, gwiwa ta soma ciwo, sanyin hunturu ya soma shiga ƙashi, kafaɗa ta kasa jefa birgi. Me yakan yi? Da sassafe sai ka gan shi ya ɗauki fatsa irin ta dā, ko ya tafi duban gurar da ya kafa jiya, ko ya zauna a inuwa yana ɗinkin komar da ba shi zai jefa ba. Da sha'awar ta mutu, wa zai tashe shi da asuba?

Ƙarfi ne ya ragu, sha'awa kuwa kama ta sake. Murnar saurayi a cikin kwando take, in bai cika ba ransa ya ɓaci. Tsoho kuwa ko tarwaɗa biyu ya samu domin miyar dare, ya gode, gama abin da ke masa daɗi yanzu shi ne sanin ruwa. Ya san tarwaɗa takan bi sabon ruwan damina ta shiga ciyawar fadama ta zuba ƙwai. Ya san akwai karfasar da uwa ke riƙe ƙwai da 'ya'ya a cikin bakinta, wanda ya kama ta a lokacin nan ɗaruruwa ya kashe. Ya san bargi yakan yi sheƙa da ciyawa sa'ad da ruwa ya cika, gaiwa kuma takan shige cikin laka ta kwana can har rani ya wuce. Wannan sani ba a shekara ɗaya ake tara shi ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Wani zai ce, ai mun san tsofaffin da suka rataye koma, ko maganar kifi ba sa so a yi musu. Gaskiya ne, akwai su. Amma in ka zauna da su ka bi maganar a hankali, za ka tarar galibi abu biyu ne suka kashe musu zuciya, tsufa kuwa ba ya ciki.

Abu na fari, ruwan da suka sani ya tsiyace a kan idonsu. Mu ɗauki Tafkin Kainji, wanda ya shafi ƙasar Yawuri da Borgu. An gama dam ɗin a 1968. A 1971 kifin da aka kama a tafkin ya haura tan 28,000, amma a 1978 bai kai tan 5,000 ba. Wani kashi na raguwar halin sabon tafki ne, domin ciyayin da ruwa ya rufe sukan ruɓe su ciyar da kifi na 'yan shekaru, sa'an nan su ƙare. Sauran kuwa aikin hannun mutane ne: masunta sun yi yawa, idon koma ya yi ta ƙanƙancewa. A Tafkin Chadi kuma ruwan ne kansa ya ja da baya. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, amma bayan farin shekarun 1970 da na 1980 abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Masunta da yawa suka koma shuka masara da wake a inda dā suke tuƙa jirgi. Waɗannan mutane ba su bar ruwa ba, ruwa ne ya bar su.

Abin da ya sami manyan tafkuna yana samun ƙananan namu. Mutumin da ya saba fid da giwan ruwa wanda sai mutum biyu ke ɗauka, yau yana ganin yara suna tace rafi da gidan sauro, suna kwashe kifin da bai kai yatsa ba. Yana ganin an zuba Gammalin ko magimfa a tafki, gari ya waye kifi babba da ƙarami suna yawo ciki sama. Yaya zai yi murna?

Abu na biyu, mu ne muka ture su gefe. In ƙungiya za ta yi shawarar haƙa tafkin kiwon kifi, ko za a zauna a kan yadda za a yi da dam ɗin gari, wa muke sa wa a kwamiti? Mai iya karatu, da mai babur da zai kai takarda ofis. Wanda ya yi shekara 50 a cikin ruwan nan ba mai tambayarsa. Mutum kuwa in ya ga ba a bukatar saninsa, sai ya kama bakinsa, mu kuma mu ce ya gaji.

Dubi yadda Kabawa suka yi a Argungu. Tun 1934 aka fara bikin kamun kifi a can, a Matan Fada. Ranar biki dubban samari ne ke faɗawa ruwa da gora da homa, ƙarfinsu ne ake kallo. Amma wurin yana ƙarƙashin tsaron Sarkin Ruwa da manya, ba kuwa a barin kowa ya yi su a ciki sai ranar da aka buɗe. A bikin 2020 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78. Kifi ba ya kai wannan girma a ruwan da ake tatsa dare da rana. Hannun saurayi ne ya fid da shi, amma dokar manya ce ta bar shi ya girma.

Saboda haka ga shawararmu ga kowace ƙungiya mai ruwa kusa da ita.

Na ɗaya, a sa tsohon masunci ɗaya ko biyu a cikin kwamitin ruwa, a kuma ba maganarsu nauyi. Su za su faɗi watannin da kifi ke ƙwai, a rufe fadama a lokacin.

Na biyu, a ba su aikin duban koma. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana koma mai ido ƙasa da milimita 76, watau inci 3, sai dai wadda aka keɓe domin irin ƙananan kifin nan da ba sa girma. Ma'aikacin gwamnati ba zai zo kowace safiya ba, amma tsoho yana bakin ruwa kullum.

Na uku, kada a bar su su shiga jirgi su kaɗai. Ido ya rage gani, ƙafa ba ta da ƙarfin dā, ruwa kuwa ba ya jin girman kowa. A haɗa kowane tsoho da yaro ɗaya ko biyu. Yaro ya yi tuƙi, ya ɗauki kaya, ya koyi aiki. Kowa ya ci riba.

Ku kuma iyayenmu, muna da roƙo gare ku. Mun san a cikin masunta akwai al'adar ɓoye sani, ba a faɗa wa kowa sai ɗan cikin mutum. To, 'ya'yan da yawa sun tafi birni, ba kuwa za su komo ga koma ba. In kun tafi da abin da kuka sani, garin ne ya yi hasara. Ku buɗe baki ku koya wa duk yaron da ya nuna yana so.

A taronku na wannan wata ku tambayi juna: tsofaffin masunta nawa ne a garinmu, yaushe rabon da mu nemi shawararsu? Wane kifi ne suke kamawa dā wanda yanzu ba a ganinsa? In an tashi taro, mutum biyu su tafi su gai da su, su zauna su ji amsa.