Mu Ga Takardar Wakilin Tukuna

'Yan'uwa ɗalibai, musamman na tsangayar shari'a, da ku matasan ma'aikata da ke zaune a ma'aikatun shari'a na jihohinmu, wata sabuwar haja ta shigo kasuwa, watau manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake kira wakilai. Waɗannan ba amsa tambaya kawai suke yi ba. Sukan shiga taskar hukunce-hukunce da kansu, su zaƙulo, su tace, su tsara wa lauya hujjarsa. Ra'ayinmu shi ne, kada a auna irin wannan wakili da daɗin bakinsa. A auna shi da takardar bayanin da masu shi suka rubuta a kansa.

Dalili kuwa a fili yake. A watan Yuni na 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000, domin sun gabatar mata da shari'o'i 6 da ChatGPT ya ƙaga, a ƙarar da wani fasinja ya kai kamfanin jirgin sama na Avianca. A 2025 Babbar Kotun Ingila ta gamu da wata ƙara inda daga cikin shari'o'i 45 da aka kafa hujja da su, 18 ba su taɓa wanzuwa ba. Wani zai ce ai waɗannan sun yi amfani da kayan gama-gari ne, ba wanda aka ƙera don lauyoyi ba. To, a 2024 masu bincike na Jami'ar Stanford sun yi wa manhajojin LexisNexis da Thomson Reuters tambayoyi sama da 200, suka tarar da kuskure ko hujjar da ba ta zauna ba a tsakanin kashi 17 zuwa 33 cikin 100 na amsoshin. Alhali kuwa an tallata ɗaya daga cikinsu da cewa babu ƙage a hukunce-hukuncen da take ambatawa. Abin da ya fi tayar mana da hankali a binciken shi ne, wani lokaci shari'ar da aka ambata ta gaskiya ce, amma ba ta faɗi abin da aka jingina mata ba. Wannan ya fi ƙage zalla haɗari, don mai dubawa zai ga sunan a littafi, hankalinsa ya kwanta. Masu binciken sun kuma koka cewa kamfanonin ba su wallafa sakamakon gwajin kayansu ba.

Saboda haka idan takardar bayani ta zo hannunmu, tambayar farko ita ce: me ke cikin taskar, kuma a wace rana aka rufe ta? A nan ƙasar tambayar tana da nauyi ƙwarai. Dokar kamfanoni ta 1990 an soke ta da ta 2020. Dokar shaida da ake aiki da ita ta 2011 ce, an kuma yi mata gyara a 2023. Arewa ta gaji kundin laifuffuka dabam da na Kudu, sannan daga shekarar 2000 jihohi da dama, Zamfara a gaba, suka kafa nasu kundin na shari'ar Musulunci. Takardar da ta ce kurum tana ɗauke da dokokin Nijeriya ba ta faɗi kome ba. Na tarayya kaɗai? Har da na jihohi? Akwai hukunce-hukuncen Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a? Tana nuna hukuncin da Kotun Ƙoli ta rushe? Sayen kayan da bai amsa waɗannan ba cinikin biri a sama ne.

Akwai kuma wani abu da da yawanmu ba su lura da shi ba. Ba mutum kaɗai ke karanta bayanin ba, shi kansa wakilin yana karantawa. Kowane kayan aiki da aka haɗa masa yana zuwa da 'yan layuka da ke faɗin amfaninsa, kuma da su yake yanke shawarar wanda zai ɗauka. In an rubuta cewa kayan yana binciken dokar laifuffuka, ba a ce ta Kudu ba ce, lalle zai ɗauko ta ya amsa tambayar da ta taso daga Kano, cikin lafazi mai tsabta, ba tare da ko ɗar ba. Sakacin marubucin layi biyu ya zama sakacin lauya a gaban alƙali, wanda ake tuhuma kuwa shi ke kwana a kurkuku.

Bayan wannan, a duba ko takardar ta faɗi yadda aka gwada kayan, da wa ya gwada, da inda ya gaza. A duba ko yana ajiye sawun matakan da ya bi, yadda za a iya bin diddigi. A kuma duba inda asirin mai ƙara yake tafiya bayan an shigar da shi.

Mun san masu cewa ɗalibin da ɗakin karatunsa ba shi da sababbin kundaye ba zai tsaya zaɓe ba. Uzurin yana da ƙarfi, amma kotu ba ta karɓarsa, domin wanda ya sa hannu a takarda shi ake tambaya. Don haka muna kira ga tsangayoyin shari'a da ma'aikatu, kafin su biya kuɗin kowace manhaja, su nemi amsoshin nan a rubuce, su liƙa su a ɗakin karatu inda kowane ɗalibi zai gani.