A Bar Tsohon Wasa da Siffarsa

Duk wanda ya buɗe tsohon wasan kwamfuta a manhajar DOSBox, ya danna Alt da Enter don hoto ya cika allo, yakan gamu da ɗayan biyu: ko hoton ya maƙale ɗan mitsitsi a tsakiya, ko ya baje har fuskar jarumin ta koma kamar faifai. Laifin ba na wasan ba ne. Misali, wasan Doom na 1993 an zana shi da ɗigo 320 a kwance, 200 a tsaye, domin allon zamanin da mai ƙatuwar ƙeya, mai awon 4:3, inda tsayin kowane ɗigo ya ɗara faɗinsa. Allon yau kuwa galibi 16:9 ne. Gyaran yana cikin fayil ɗin saitunan DOSBox: a mai da aspect zuwa true, fullresolution zuwa desktop, output zuwa opengl. A allo mai 1920 da 1080, hoton zai tsaya a faɗin 1440, baƙin fili ya rage dama da hagu. Wasu na ganin filin asara ne, sai su miƙe hoton ƙarfi da yaji. Wannan ɓata aikin mutane ne. Masu zanen sun auna abinsu, a kalle shi yadda suka yi shi.