Tallafin ɗalibai: in ya makara, ɗan talaka ke shan wuya

Ana yawan cewa karatu a jami'o'in gwamnati na Nijar yana da arha, tunda kuɗin rajista bai taka kara ya karya ba. To, mai wannan magana bai taɓa tura yaro daga ƙauye zuwa Yamai ba. Akwai kuɗin mota, akwai hayar ɗaki ga wanda bai samu gado a cikin jami'a ba, ga abinci, ga takardun darasi, ga magani in zazzaɓi ya kama. Waɗannan su ke cinye aljihun uba.

Gwamnati ta san da haka, shi ya sa hukumar ANAB ke ba ɗalibai tallafin da yara ke kira burs. Mun gode, ba mu raina ba. Kukanmu shi ne jinkiri. An sha jin kuɗin sun yi watanni ba su fito ba, alhali ciki bai san "sai wata mai zuwa" ba. Ɗan ma'aikaci da gidansu ke cikin birni zai koma gida ya ci tuwo, ya jira. Ɗan manomi ko makiyayi da ya fito daga Dakwaro ko Tanut fa, wa zai ba shi? Sai ya ci bashi wurin mai shago, ko ya aika gida. Mu da muke kasuwar dabbobi mun san abin da ke biyo bayan wannan saƙo: uba ya jawo karsana ko tunkiya, sau da yawa da bazara, lokacin da dabba ta rame kuma ba ta da daraja, ya sayar yadda aka taya. Dillali ya san mai gaggawa tun daga nesa. Idan burs ɗin ya fito daga baya, ba ya dawo da karsanar. Wanda gidansu babu abin sayarwa kuwa, sai ya tattara kayansa ya bar karatun, ba wanda ya kore shi.

Wannan ciwo ya daɗe. Ranar 9 ga Fabrairun 1990, zamanin Janar Ali Saibu, ɗalibai sun yi maci don ƙin matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilmi, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada, har da littafi da magani. A Afrilun 2017 ma an rasa ran ɗalibi guda a Yamai wajen zanga-zangar neman gyaran zaman ɗalibai.

An samu ci gaba, gaskiya. Da can Jami'ar Abdu Mumuni ce ke ɗauke da kusan kowa. A 2010 Maraɗi, Tawa da Damagaram suka samu nasu, a 2014 kuma Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Tafiya ta ragu, amma ɗalibai sun ƙaru, masu jiran tallafi ma haka.

Wasu na cewa a bi sawun Najeriya, wadda ta soma ba ɗalibai bashin karatu a 2024. Mu dai muna tsoro. Yaron da zai gama ya zauna shekaru babu aiki, da me zai biya?

Abin da muke roƙo ba shi da yawa. A ware kuɗin burs tun farkon shekarar karatu, a sa ranar biya, a riƙe ta kamar yadda ake riƙe ranar albashi. Wajen zaɓe kuma a dubi halin gidan da yaro ya fito tare da makinsa, domin wanda ya ci bak da fitilar hannu, yana kiwo lokacin hutu, ƙoƙarinsa ya wuce abin da takarda ta nuna. In kuɗin ba su isa a biya kowa lokaci guda ba, to a fara da waɗanda suka zo daga nesa, waɗanda ba su da kowa a gari.